Waiwaye: Tsohon man shafawa da ranar Arlit

Tun 1971 da Somaïr ta fara haƙar yuraniyom a Arlit, duk maganar lafiya a garin, ƙasa take kallo: ƙura, ruwan rijiyoyi, tarkacen ƙarfen da ke fita daga ma'aikata ya shiga kasuwa. Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghir In'man sun daɗe suna wannan kuka, kuma da gaskiyarsu. Ma'aikatar yuraniyom ta Cominak ta rufe a Akokan a Maris 2021, ta bar tulin sharar ma'adinai. Amma ranar da ke dukan garin daga sama, ban ji an yi taro a kanta ba.

Mai baƙar fata yana da kariyar da Allah Ya ba shi, Ba'abzine kuma ga rawaninsa. Zabiya ne a tsirara gaban rana. Taɓa bayan kunnensa, ko wuyansa, ko bayan hannu, za ka ji wani kaushi kamar harshen kyanwa, sau da yawa yatsa ke riga ido gane shi. A ɓamɓare, ya dawo. Wasu irin waɗannan tabban ne ke rikiɗewa su zama sankarar fata.

Maganinsu ba sabo ba ne. A 1957 Charles Heidelberger ya samar da 5-fluorouracil a Amurka don ciwon daji na cikin jiki. A 1962 likitoci a Afirka ta Kudu suka lura cewa mai karɓarsa, tabban rana na jikinsa sun yi ja, sannan sun ɓace. Daga nan aka mai da shi man shafawa, Efudix. Bayansa sababbi suka yi ta fitowa da tsada da talla. Picato, wanda aka samo daga wani tsiro ɗan'uwan aguwar da muke shinge da ita, ya fito a 2012, kwana biyu zuwa uku kawai ake shafa shi.

Sai aka gwada su kafaɗa da kafaɗa a asibitoci huɗu na Holand, kan mutum 624, aka buga sakamakon a 2019. Bayan shekara guda, tsohon man ya yi wa kusan kashi 75 cikin ɗari aiki, wani man mai suna imiquimod kashi 54, Picato kashi 29. A Janairu 2020 Tarayyar Turai ta dakatar da Picato, don an ga alamar yana ƙara haɗarin sankarar da ake gudu.

Tsohon man fa ba ya lallashi. Ana shafa shi safe da yamma har mako huɗu, wurin ya yi ja, ya yi zogi, ya yi ɓawo. A nan mutane ke jefar da shi, su ce ya ɓata musu fata, alhali aikinsa ke nan. Mai ciki ba ta shafa shi, kuma tabon da ya riga ya zama gyambo sai tiyata. Shi ya sa ba a sayensa a bakin tasha, likita ne zai duba ya rubuta.

A Satumba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna. Mahukuntan lafiya na jihar Agadas, ku kawo shi Arlit da Akokan tare da 5-fluorouracil, ku koya wa malaman asibiti duba kunne da wuyan duk zabiyan da ya shigo, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi.