RUMBU DABAN, TURMI DABAN: MATSALAR KALMAR "MEMORI" A BAKIN BAHAUSHE

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya saba zama a rumfunan masu sayar da waya a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ya san kukan da aka fi kawowa: waya ta yi nauyi, tana tsayawa cak a tsakiyar aiki, a taimaka a ƙara mata "memori". Mai rumfa yakan ɗauko ɗan kati wanda bai wuce farcen ɗan yatsa ba ya sanya, mai waya ya biya ya kama hanya, amma sau da yawa nauyin yana nan inda yake. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa asarar nan daga harshe ta faro, domin kalma guda ce aka ɗora wa abubuwa biyu masu aiki daban, kuma gyaran wannan kuskure nauyi ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa kafin kowa.

Kowace kwamfuta, har da wayar zamani wadda ita ma kwamfuta ce ta aljihu, tana da wurare biyu da bayani ke zama. Na farko shi ne wurin ajiya, inda hotuna da waƙoƙi da rubuce-rubuce suke kwance ko an kashe na'ura ko an kunna. Na biyu shi ne wurin aiki, wanda masana suke taƙaita sunansa da RAM, inda ake ɗora abin da ake amfani da shi a wannan lokaci kaɗai. Manomin ƙasar Gobir ba ya bukatar dogon sharhi a nan, domin ya san rumbu, ya san turmi. Rumbu yana riƙe dammunan gero daga kaka har wata kaka, amma ba a daka a cikinsa. Sai an ɗebo an sussuke an zuba a turmi, turmin kuwa iyakar cikinsa yake ɗauka. Idan gida ya cika da baƙi, turmi kuma ƙarami ne, tuwo zai makara ko da rumbuna goma ne a ƙofar gida. To, wanda ya sayi kati don wayarsa ta yi sauri, ya gina sabon rumbu ne alhali matsalarsa ta turmi ce. Gaskiya ne rumbun waya idan ya cika maƙil yakan jawo nauyi, a nan kati yana da amfani. Amma wurin aikin waya a like yake da jikinta tun daga masana'anta, babu katin da zai ƙara shi.

Akwai bambanci na biyu wanda ya fi wannan haɗari. Hatsin turmi yana nan ko an bar daka, amma abin da ke cikin RAM yana rayuwa ne da wutar lantarki. An gina shi da miliyoyin ƙananan ma'adanan wuta masu yoyo, tamkar tulu mai tsaga, waɗanda tilas a riƙa sake cika su fiye da sau 15 a kowace daƙiƙa. Da zarar wuta ta yanke, komai ya shafe, kamar allon da aka wanke.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya hana maƙera na'ura su yi wuri ɗaya kowa ya huta? Amsar ita ce sauri da tsada. A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko, mai faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, duka ba su ɗaukar abin da ya wuce haruffa kamar miliyan 5, watau kimanin hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Faifai yana riƙe amana, amma sai ya juyo kafin a karanta abin da ke kansa. A 1966 Robert Dennard, shi ma a IBM, ya ƙirƙiro irin RAM ɗin da ake amfani da shi har yanzu, a 1970 kuma kamfanin Intel ya kai shi kasuwa da ɗan guntun da ke ɗaukar abin da ya yi daidai da haruffa 128 kacal. Ƙarami ne, mai tsada, mai mantuwa, amma saurinsa ya ninka na faifai kamar sau 100,000. Da a ce ɗauko abu daga RAM yana cin daƙiƙa ɗaya, to ɗauko shi daga faifai mai juyawa zai ci fiye da kwana guda cur. Ma'ajiyar da ba ta da faifai, irin ta waya da kati, wadda Fujio Masuoka ya ƙago a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980, ta rage wannan tazara ƙwarai, amma ba ta kawar da ita ba. Saboda haka ne ake rubuta lambobi biyu a kwalin waya, alal misali 4 da 64: ƙaramar ta turmi ce, babbar ta rumbu. Haka kuma manhajar Windows 11 da ta fito a 2021 ta gindaya sharuɗɗa biyu, giga 4 na wurin aiki da giga 64 na wurin ajiya.

Rashin rarrabe waɗannan abubuwa yana jawo asara iri uku. Ta farko ita ce ta kuɗi, wadda aka ambata. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da hatsi ko akuya suka haɗa masa kuɗin kwamfuta, yakan ruɗu da babbar lamba, ya ɗauko mai ƙaton rumbu da ɗan mitsitsin turmi, ya shekara huɗu yana jiran ta buɗe shafi. Ta biyu ita ce ta aiki. Wanda ya kwana yana buga babin kundin digirinsa yana ganin rubutun a gabansa, sai ya ɗauka ya shiga ajiya, alhali yana kan turmi, kuma ba kowace manhaja ce take adana shi da kanta ba. A ƙasar da wuta ba ta sallama idan za ta tafi, wannan jahilci yana cin wahalar dare guda cikin ƙiftawar ido.

Asara ta uku mutanen gabashin Sakkwato sun ɗanɗana ta fiye da kowa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar, a ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. A irin wannan hali ne mutum yake gane cewa ba duk abin da yake gani a waya ne yake cikin waya ba. Hoton da ke Facebook, da takardar da ke akwatin imel, ajiya ce a rumbun wani a wata ƙasa, idan hanya ta toshe ba ta ɗebuwa. Haka kuma rumbun waya kansa ba gagara-badau ba ne: waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana barin ta a gida ranar gudun tsira. Takardar shaidar karatu ko ta gona da aka ɗauki hotonta tana bukatar kwafi biyu a wurare biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce a bar kalmar aro ta yi aikinta, tun da Hausa ta ari mota da tebur da asibiti ba ta mutu ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin aro ba aibi ba ne. Aibin shi ne "memori" ta shigo Hausa da ma'anar da ta saɓa wa ta masana. Ma'aikacin kwamfuta idan ya ambace ta wurin aiki yake nufi, mutumin kasuwa kuwa kati yake nufi, sai su yi ciniki kowa da abin da ke ransa. Bugu da ƙari, sunan "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da aka raɗa wa kwamfuta, duk da daɗinsa a kunne, ya sa Bahaushe yana ɗaukar ta kamar kan mutum, inda tunani da hadda suke zaune wuri ɗaya. Na'ura ba haka take ba.

Aikin raɗa wa sababbin abubuwa suna ba baƙo ba ne a jami'o'in ƙasar nan. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi da ɗalibai suke amfani da su. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa na'ura. Shawarar da ake bayarwa a nan ita ce a kira RAM "ƙwaƙwalwar aiki", a kira faifai da danginsa "rumbun ajiya", ɗan katin nan kuma a ce masa "katin ajiya", a daina ce masa memori. Malamai su sanya su a darasin fassara, a kai su gidajen rediyo, ɗalibai kuma su tafi da su garuruwansu lokacin hutu. Idan akwai mai kalmomin da suka fi waɗannan dacewa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya kawo a auna. Abin da bai kamata ba shi ne a ci gaba da barin mai saye yana biyan kuɗin rumbu alhali turmi ya zo nema.