Kafin na'ura ta koyar da yaran Junju, sai ta iya ƙirgen dala

A zamanin nan duk inda ma'aikatan ilimi suka taru, da wuya a watse ba a taɓo maganar kwamfuta ba. Ana cewa ƙananan allunan nan masu batir za su taimaki yara wajen lissafi, musamman lissafin da ake badawa cikin labari: wance ta sayi kaza, ta biya kaza, nawa za a maido mata? A nan ne yara suka fi faɗuwa. To, kafin hukuma ta saki kuɗin jama'a, ya kamata a duba abin da ke kada su.

A ɗauki yarinya ƴar shekara takwas a Junju, ko Karakara, ko Zabori, wadda ke tallan rake ranar kasuwa. Ta sayar da sanda uku, kowace dala ashirin, an miƙo mata dala ɗari. Ba za ta ko ɗaga kai ba za ta maido da dala arba'in. Washegari a lakwal malam ya rubuta wannan ciniki a kan allo da Faransanci: sanda uku, kowace tamma 100, an ba da tamma 500. Sai yarinya ta yi tsuru-tsuru. Harshen baƙo ne gare ta, ƙirgen ma baƙo ne, domin "ɗari" ta kasuwa tamma 500 ce, "ɗari" ta littafi kuwa dala ashirin ce kawai. Ga kuma naira da ke ƙetaro iyaka da nata ƙirge. Yarinyar da ke juya wannan duka a ka, ba lissafi ta kasa ba. Labarin ne bai shiga kunnenta ba.

Ƙasar nan ba baƙuwar koyarwa da na'ura ba ce. A 1964 aka buɗe talabijin ta makaranta a Yamai da taimakon Faransa, aka zuba akwatuna cikin azuzuwa, wasu ma da hasken rana suke aiki, har masana na ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Amma darussan da Faransanci ake yin su, shirin bai game ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayan aikinsa suka koma na talabijin ta ƙasa. A 1973 kuwa, ba da wani tsadadden akwati ba, aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Wannan hanya ita ce ta rayu, ta bazu zuwa wasu harsunan ƙasa.

A waje ma haka abin yake. Gwamnatin Peru ta raba wa ƴan makaranta kwamfutoci dubu ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi ko karatu ba. A jihar Tanga ta Tanzaniya kuwa, a wata gasa da aka kammala a 2019, an ba yaran ƙauyuka alluna masu magana da Suwahili, kuma an ga ci gaba a karatu da ƙidaya.

Ba a ce na'ura ba ta da amfani ba. Tana iya karanta wa yaro tambaya da murya sau goma ba ta ƙosa ba, ta zana masa sandunan rake da kuɗin a gabansa, ta nuna masa inda ya kauce nan take, alhali malami mai yara sittin ko fiye sai ya kwana biyu bai kai ga littafin kowa ba. Sai dai muryar ta zama ta Hausa, da ta Zabarmanci ko harshen Dandi ga yaran da aka haifa cikinsu, misalan kuma su zama na tiyar gero da muruci da kuɗin kabu-kabu. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka babu sauran uzuri.

Waɗanda suka fi kowa iya tsara waɗannan tambayoyi su ne malaman yankin da kansu, tare da masu koyar da karatun manya, waɗanda suka daɗe suna koya wa manoma rubuta dala da tamma a littafin ƙungiya. A tara su a Doso ko a Gaya, a biya su, su rubuta, a ɗauki murya. A gwada a makarantu kaɗan na Junju tsawon shekara guda, a tanadi hasken rana na caji da mai gyara a kusa, a auna yaran da farko da ƙarshe tare da na makarantun da ba su samu ba. Iyaye kuma, waɗanda da yawansu sun yi yaƙi da jahilci, suna da hakkin a karanta musu sakamakon a bainar jama'a kafin a sayi allo na biyu.