Tsakanin Nakata da Tijjani Babangida, wa ya fi suna?

Wata gardama ce ta taso mana a teburin mai shayi nan Azare, bayan mun fito daga gidan kallon ƙwallo. Wani dattijo abokin zamanmu ya ambaci Hidetoshi Nakata, sai samarin wurin suka ce ba su taɓa jin sunan ba. Wannan bai dame ni ba. Amma da na tambaye su Tijjani Babangida, sai ɗaya ya ce, "Baba, ɗan tsohon shugaban ƙasa ne?" Nan fa jikina ya yi sanyi.

Ga wanda bai sani ba, Nakata ɗan Japan ne. Ya tafi Perugia ta Italiya a 1998, ya ci kofin lig da Roma a 2001, ya buga wa Bolton tare da Jay-Jay Okocha, sannan ya ajiye ƙwallo a 2006 yana da shekara 29 kacal. Shi kuwa Tijjani haifaffen Kaduna ne, ya buga wa Ajax ta Holan, shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmak ta lallasa mu 4-1 a 1998, ya kuma zura wa Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000. A gasar Olamfik ta 1996 rukuninsu ɗaya, Najeriya ta doke Japan 2-0, kuma Tijjani ne ya dawo gida da zinare, ba Nakata ba.

To me ya sa duniya ta fi sanin Nakata? A ganina ba ƙafa ce kawai ta raba su ba. Mutanensa ne suka riƙe shi: 'yan jaridarsu suka bi shi har Italiya, kamfanoninsu suka yi talla da fuskarsa, aka rubuta tarihinsa. Mu kuwa da ɗan wasa ya daina gudu, shi ke nan, an shafe babinsa. Ko Wikki Tourists ta Bauchi da ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, mutum nawa ne a ƙasar Katagum zai iya kawo sunayen 'yan wasanta uku?

Mu da zama ya kawo mu garin nan daga wurare daban-daban, abin ya fi shafar mu. Yaranmu sun haddace 'yan wasan Arsenal da Madrid, amma ba su san gwanayen garuruwan iyayensu ba, balle na inda aka haife su. Laifinmu ne, domin ba mu ba su labari ba.

Shawarata, kowa ya zaunar da ɗansa ya faɗa masa abin da ya gani da idonsa, wanda ya iya rubutu kuma ya rubuta. In ba mu yaba namu ba, Bajapane ba zai yaba mana ba.

Allah Ya sa mu gyara. Wassalam.