"Ai Ku Ma Kun Yi": Amsa ce ko Gudun Amsa?

A daminar da ta wuce na je hutu gida Tsanyawa, sai na tarar da shari'a a ƙofar gidan dagacinmu. Wasu 'yan'uwa biyu ne, 'yan wa da ƙani, gonakinsu na maƙwabtaka da juna. Ɗaya ya kawo ƙarar ɗan'uwansa cewa ya ci masa iyaka da kunya uku, har ya tumɓuke gambar da kakansu ya dasa a tsakani. Ka san yadda ƙasar noma ta yi mana kaɗan a yankin nan, kunya uku ba abin wasa ba ce. Da aka ce wanda ake ƙara ya yi bayani, buɗar bakinsa sai ya ce: "Ranka ya daɗe, shi ɗin fa? Bara ba awakinsa ne suka cinye min wake ba?"

Dagaci ya yi murmushi ya ce: "Malam, maganar awaki za mu zo kanta. Yanzu gamba nake tambaya. Ka cire ko ba ka cire ba?" Sai wuri ya yi tsit.

Ɗan'uwa mai karatu, wannan tambayar ta dagaci ita ce muka rasa a Facebook da TikTok. An zarge ka da abu, maimakon ka ce "na yi" ko "ban yi ba", sai ka zaro laifin mai zargin ka jefa masa. Shi ma ya zaro wani naka. Kafin a ankara an manta inda aka faro. Hausawa sun daɗe da gano cutar: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ɗauki rikicin masarautar Kano, wanda mu 'yan Tsanyawa ya shafe mu kai tsaye. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, aka saka mu a ƙarƙashin Bichi. Ranar 9 ga Maris, 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II. Ranar 23 ga Mayu, 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, aka mayar da Sanusi, shi kuma Aminu Ado Bayero ya dawo ya sauka a gidan Nassarawa. Cikin shekara biyar an sauya mana masarauta sau biyu.

To, shiga sashen sharhi ka ga abin mamaki. Ka tambayi wannan ɓangare ko an bi ƙa'ida a 2024, amsar ita ce: "A 2020 ina kake?" Ka tambayi wancan ko an yi adalci a 2020, sai ka ji: "Su da suka zo me suka yi?" Tambayoyin nan biyu duk halastattu ne, kowacce tana buƙatar amsarta. Amma ana amfani da kowacce wajen toshe bakin 'yar'uwarta, sai a tashi babu wadda aka amsa.

Abin da na lura da shi shi ne, shari'a ba ta hana ka mayar da zargi. Sai dai ta gindaya masa sharaɗi. A kotun da ke sauraron ƙarar haƙƙi, wanda ake ƙara yana da damar shigar da tasa ƙarar a kan mai ƙara, amma alƙali zai ɗauke ta a matsayin ƙara mai zaman kanta, da nata hujjojin. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 131, ta ɗora nauyin kawo hujja a kan duk wanda ya yi iƙirari. Ke nan idan ka ce "shi ma ya yi", ka ɗauko wa kanka sabon kaya ne, ga kuma tsohon yana nan a kanka.

Haka abin yake a shari'ar Musulunci. Aikin farko na alƙali shi ne ya tantance wane ne mai da'awa, wane ne ake da'awa a kansa: na farko ya kawo shaida, wanda ya musanta ya yi rantsuwa. Wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce ta ƙazafi ke jiransa. Ko li'ani, inda miji ya zargi matarsa ba shi da shaida ita kuma ta ƙaryata shi, dubi tsadarsa. Kowannensu zai rantse sau huɗu, a ta biyar miji ya kira wa kansa tsinuwar Allah in ƙarya yake yi, matar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa, daga nan a raba auren. Haka addini ya ɗauki nauyin zargi. Mu kuwa da datar naira ɗari biyu muke jefa shi, mu kashe waya mu yi barci.

Na san za ka ce, "To idan mai zargin munafuki ne fa? Ya ci nasa ya goge baki, ya zo yana mana wa'azi?" Gaskiyarka. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma tona fuska biyu aiki ne mai kyau, mu ɗaliban aikin jarida shi ake koya mana. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma lura da kyau, warin daddawa bai wanke ɓera ba. Ɓarawo ya ce ya ga ka ɗauki akuya, kasancewarsa ɓarawo bai dawo da akuyar turke ba.

Wa ke cin ribar wannan jifan juna? Mai laifi, daga kowane ɓangare yake. Muddin magoya bayansa za su amsa masa da "ai ku ma kun yi", ba ya buƙatar ya yi bayanin kuɗin rijiyar burtsatse ko ajin makarantar da rufinsa ya yaye. Mu da muke ƙona data wajen kare shi, mu ne za mu koma shan ruwan kududdufi.

Don haka ga shawarata, ni ma kaina nake wa. Idan aka zargi gwaninka, fara da tambayar dagaci: ya yi ko bai yi ba? In ka san amsa, faɗe ta. In kana da zargi a kan ɗaya ɓangaren, kawo shi daban, da hujjarsa, ka kuma shirya tsayawa a kansa ko a gaban alƙali ne.

A ƙofar gidan dagacin nan, daga ƙarshe mutumin ya amsa cewa shi ya cire gambar, aka sa ya mayar da iyaka inda take. Sannan aka ɗauko maganar awaki, aka kira shaidu, ta tabbata, shi ma mai ƙarar aka yanka masa abin da zai biya. Kowa ya tafi da nasa laifin, kowa ya karɓi haƙƙinsa, kuma da la'asar a sahu ɗaya suka yi salla.