Wa Zai Tsaya Wa Ƙarfen Rano da Kibiya?

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka tankin lita 5,000 da aka ɗora bisa hasumiyar ƙarfe a harabar makarantar firamare ko ƙaramin asibiti, tan biyar ne rataye a saman kawunan mutane. Abin da ke riƙe da shi ƙafafu huɗu ne da ɗinkin walda. A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, wanda ya yi wannan ɗinki galibi a gaban maigida ya koyi sana'a, kuma aikinsa kan hau sama ba tare da wani ya gwada shi ba.

Mai walda a yau ya wuce mai ƙera ƙofa da taga. Shi ke haɗa ƙarafunan rufin masallatai da rumbuna, shi ke gyaran masussuka da injin casar shinkafa da manoman rani na Bunkure da Kura suka dogara da su tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Rayuka da dukiya sun rataya a wuyansa, amma har yanzu ana kallonsa a matsayin talakan da za a tausaya wa. Wannan kallo ya lalata fahimtar abin da ake kira ƙungiyar sana'a. An mayar da ita wurin karɓar kuɗin wata, da gudummawar biki da suna, da jerin sunayen da ake miƙa wa ɗan siyasa ranar rabon janareta. Zumunci abu ne mai kyau, sai dai bai taɓa hana hasumiya faɗuwa ba.

Kakanni sun fi haka sanin darajar sana'a. Sarautar Sarkin Maƙera, wadda Philip Jaggar ya yi bayaninta a littafinsa kan maƙeran birnin Kano a 1994, ta ɗora wa mai riƙe da ita sasanta rigingimu, da tattara maƙera idan aikin fada ya taso, da amsa tambaya a madadinsu. Sana'a tana da mai ita, kuma akwai wanda ake tuhuma. A Amurka ma, ƙa'idar waldar ƙarfen gini da aka fi aiki da ita ta fito ne daga ƙungiyar masu walda da aka kafa a 1919. Masu sana'ar ne suka rubuta, hukumomi suka ɗauka.

Masu cewa wannan aikin gwamnati ne suna da hujja, amma gajeriya. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya, COREN kuma tun 1970 take rajistar injiniyoyi. To wane jami'i ne zai baro Abuja domin ya auna kaurin bututun da aka sayo daga kasuwar Ƙofar Ruwa aka kawo ƙauyen Kibiya? Benen da ya rufta a titin Beirut cikin watan Agusta 2022 a tsakiyar birnin Kano yake, kusa da ofisoshin hukuma. Idan ido bai kai can ba, sai yaushe zai kai karkara? Wanda zai gane ɗinki mai rami da kallo ɗaya shi ne maƙwabcin mai aikin, wanda ya shekara ashirin riƙe da sandar walda.

Laifin kuma bai tsaya ga masu sana'ar ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin kunna janareta ya yi tashin gwauron zabi, ga ƙarfe da tsada, ga Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau ba ta ciyar da ƙasar da ƙarfe ba. A cikin wannan hali ɗan boko mai kwangila kan zo ya matse farashi har sai mai walda ya rage kaurin ƙarfe ko ya ɗiga walda nan da can maimakon ya ja ta ɗaya, fenti ya rufe sauran. Wanda ya ƙi, aikin ya koma rumfar gaba. Mutum ɗaya ba zai iya tsayawa ba. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya cewa ƙasa da wannan kauri babu ɗanmu da zai taɓa aikin.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin garuruwan biyu ba. A ware aikin da ke ɗaukar nauyi, wato hasumiya da rufi da matakala, daga aikin ado. Kada yaro ya karɓi irinsa sai dattawan sana'a sun jarraba shi. Kowace hasumiya ta ɗauki lambar wanda ya ƙera ta, a rubuta a littafin ƙungiya. Tabarau na kare ido ya zama wajibi ga almajirin sana'a. Makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana nan cikin Rano, hukumar NBTE kuma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a rumfa. Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Rano da Kibiya da Bunkure, tana da martabar da za ta sa a ji maganar shugabannin sana'a.

Akwai tsoron kada irin wannan ƙungiya ta zama shingen hana sababbi shiga, ko wata kafar karɓar na goro. Maganinsa shi ne a yi jarrabawa a bainar jama'a, littafin kuma ya kasance a buɗe ga kowa. Ƙananan hukumomin biyu su daina biyan kuɗin hasumiyar da ba ta da lamba, masu hannu da shuni su daina neman araha a kan abin da 'ya'yan wasu za su zauna a ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A aikin ƙarfe, kashe mutum take yi.