FARANSA CE KO RASHA? KU TAMBAYI MUTUMIN BATSARI

Duk ranar da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Batsari ko Safana, kafin a gama jana'iza masu sharhin Facebook sun yanke hukunci: aikin Faransa ne, mafita kuma Rasha. Jama'a, mu ji tsoron Allah.

Gaskiya ne manyan ƙasashe sun daina tunkarar juna gaba da gaba. Yanzu yaƙin sunƙuru suke yi: sojan haya, makamai ta bayan fage, farfaganda a waya. NATO ta taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka watse cikin Sahel. Sojan hayar Wagner na Rasha suka shiga Mali. A Yulin 2024 aka karkashe su da dama a Tinzawaten, wani jami'in leƙen asirin Yukiren ya nuna da taimakonsu aka yi, Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Yukiren. Wato rigimar Turai ce ake biyan bashinta a hamadarmu.

To amma wa ya ce maka a cikinsu akwai mai ƙaunarka? Faransa ta fice daga Nijar a Disambar 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024, Rasha ta shigo. An daina kashe talaka a Tillaberi? Wanda ya ɗaga tutar Rasha a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, ubangida kawai yake son canzawa.

Sannan mu dawo gida. Bature ne ke kai fetur da burodi dajin Rugu? Bature ne infoman da ke nuna gidan wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa? Da aka kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, watanni kaɗan bayan sulhun gwamnatin Masari na 2019, daga Faris aka hana kai ɗauki? Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan waƙa ta "hannun ƙasashen waje" ba wanda take yi wa daɗi kamar mai riƙe da kuɗin tsaro, domin ta wanke shi tas. Idan gwamnati na da hujjar wata ƙasa na ba 'yan bindiga makamai, ta fito da ita, ta kori jakadanta. Idan babu, a faɗa mana ta wace iyaka bindigogin ke shigowa, wa aka kama, wace kotu ta ɗaure shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A liƙe bangon, manomin Safana ya koma gonarsa ba tare da ya biya ɗan bindiga haraji ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya tona asirin masu cin abinci da jininmu, na gida da na waje.