A Ɗauki Hoton Soraye Tun Suna Tsaye

Ya malamai da fatake na ƙasar Daura, ga wata magana da mu ke roƙon ku dube ta da idon basira.

Duk wanda ya halarci Sallar Gani a 'yan shekarun nan ya ga yadda samari ke ɗaga wayoyinsu sama suna ɗaukar hoto. Dawaki su ke ɗauka, da 'yan lifidi, da Sarki in ya fito. To, doki dai baɗi ma zai fito in Allah ya so, ko shi ko ɗansa. Amma soron ƙasan da ke tsaye bayan dokin, wanda ba mai waiwayarsa, shi ne ba a da tabbacin zai kai baɗi. In aka yi sakacin yaɓe shekara biyu, ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta bisa rufi, sai a wayi gari daurin guga ya zube. Magada kuwa ba tubali da azara za su nema ba, bulo da kwano za su sayo.

Allah ya gafarta malamai, mun san akwai saɓani game da sura. Amma saɓanin a kan mai rai ya ke. Zaure da ganuwa da bakan gizo ba su da rai, saboda haka ba mu ga abin da zai hana a ƙarfafa wa almajiri gwiwa a kan wannan ba.

Ku dubi Zariya. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, an rushe wani sashensa bayan 1970, aka kewaye sauran da ginin siminti. Da ba don wani Bature mutumin Polan, Dmochowski, ya riga ya auna shi ya ɗauki hotunansa ba, da ba a sami abin dubawa aka gina kwatankwacinsa a Jos ba. A Kano ma an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya. Wanda bai gan ta ba, sai dai a hoto.

Mu nan ba Kusugu mu ke ji wa tsoro ba, an yi mata gini, baƙi na zuwa. Gidan Sarki kuma yana da masu kula da shi. Abin tsoro shi ne zauren malamin unguwa inda aka yi shekaru ana karatun allo, da gidan tsohon attajiri mai zankwaye, da ƙananan masallatai, nan birni da Zango da Baure, inda sarakunan Haɓe suka zauna bayan jihadi. Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 bisa gado, daga 1911 zuwa 1966. A tambayi yaron yau yadda unguwarsu ta ke a wancan zamani, me zai nuna?

Fatake, ku ne kullum bisa hanya, Mai'aduwa yau, Sandamu gobe, ga waya cikin aljihu. Ku tsaya da hantsi ko da la'asar, sa'ad da rana ta karkata inuwa ta fito da zanen bango, don da tsakar rana zanen ɓacewa ya ke yi. A nemi izinin mai gida tukuna, a kuma tsaya a zaure, kada a leƙa cikin gida.

Sa'an nan a rubuta. Mai kwafar littafi in ya kai ƙarshe yakan sa sunansa da ranar da ya gama, shi ya sa har yau a ke gane asalin littattafan kakanninmu. Haka hoto ke bukata: sunan unguwa, da na mai gida, da na magini in tsofaffi sun tuna, da shekara ta Hijira da ta Miladiyya. A wanke shi a takarda kuma, gama waya takan faɗa ruwa, ɓarawo ma yakan ɗauke.

Muna roƙon Majalisar Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, ta ware ɗaki guda da magatakarda guda inda mutum zai kai kofen abin da ya ɗauka a ajiye masa da sunansa. Wassalam.